Gwanjon ɗakunan ajiya na Amurka: abin da ɗan kasuwar Legas ke samu idan ya ba dillali kuɗinsa

Tallar ta cika rukunonin WhatsApp na 'yan kasuwa, daga Agege zuwa Mile 12 da Idi-Araba. Gajeren bidiyo ne: wani ya datse kwado, ya ɗaga ƙofar kwano, sai ga kwalaye jibge har rufi, ga keke, ga talabijin a jingine da bango. A ƙasa an rubuta cewa da dala 200 ko 300 za a saya maka ɗaki guda a gwanjon Amurka, a loda kayan a kwantena, ka karɓa a Legas. Masu wannan hidima galibi 'yan Najeriya ne mazauna Houston, Atlanta ko yankin Maryland. Wasu na da ƙaramin sito a can, wasu kuwa wayar hannu ce kaɗai jarinsu. Tsarin nasu gaba ɗaya muka ɗora a sikeli, tun daga tayi har ranar da kaya za su sauka a shago.

Gwanjon na gaskiya ne, kuma akwai masu cin abinci da shi. Sai dai kuɗin da aka sallama ɗakin shi ne mafi ƙanƙantar abin da za ka kashe, riba kuma tana wurin tantance kaya kafin a rufe kwantena. Dillalin da zai kwashe ɗaki yadda ya same shi ya turo maka, shara zai sa ka biya wa kuɗin jirgi.

A Amurka akwai kamfanonin da sana'arsu ba da hayar ɗakunan ajiya wata-wata, irin su Public Storage, Extra Space Storage da CubeSmart. Mutum ya tashi daga gida, aure ya mutu, an yi rasuwa, ko mai gida ya kore shi, sai ya zuba kayansa a ɗaya daga ɗakunan ya sa kwadonsa. Idan ya daina biyan haya, dokar jihar ta ba kamfani ikon kulle ɗakin, ya aika masa sanarwa, ya tallata gwanjo, sannan ya sayar da abin da ke ciki ya cire bashinsa. Kowace jiha da nata wa'adin. Ke nan kayan wanda ake bi bashi ne, kuma abu biyu ke biyo bayan haka. Mai ɗaki na iya zuwa ya biya bashinsa har dab da rufe gwanjo, a soke cinikin. Don haka idan dillali ya ce maka an soke, ba lalle ƙarya yake ba, amma ka tabbata tun farko an rubuta yadda za a dawo maka da kafin alƙalaminka. Na biyun ya fi muhimmanci: mai ɗakin ya san yana shiga matsi tun kafin a kulle shi, kuma abu mai daraja mara nauyi shi ake fara ɗaukewa. Gwal, agogo mai tsada, sabuwar kwamfuta, ba kasafai suke jiran gwanjo ba. Abin da ke zama shi ne mai nauyi, mai cin wuri, wanda mai shi bai da inda zai kai.

Ƙa'idar gwanjon kanta cinikin biri a sama ce. Ba a shiga ɗakin, ba a taɓa komai, ba a buɗe kwali. Daga bakin ƙofa ake leƙawa, kuma yanzu da yawancin gwanjon ya koma intanet, a shafuka irin su StorageTreasures da Lockerfox, hotuna kaɗan ne da ma'aikacin wurin ya ɗauka yana tsaye a ƙofa. An sayar an gama, babu mayarwa. Shafukan kan ƙara mintuna idan wani ya yi tayi a ƙarshen lokaci, shi ya sa dabarar laɓewa sai daƙiƙar ƙarshe ba ta cika aiki ba. Farashi ne kawai ke hawa tsakanin mutum biyu da zuciya ta ɗebe su. Legas na gaban Houston da awa 6 a lokacin zafinsu, awa 7 a lokacin sanyi, don haka gwanjon da zai rufe ƙarfe 10 na safe a can, a nan bayan la'asar ne ko wajen haka. Ka ba dillali iyakar tayinka a rubuce tun da safe, kada ya kira ka kana tsakiyar ciniki a shago yana cewa ƙara hamsin, ƙara hamsin.

A karatun hoto ake gane dillalin da ya san aikinsa, kuma nan ne yawancinsu ke faɗuwa. Ƙura ita ce shaidar farko. Idan ta kwanta daidai a kan komai, ɗakin ya daɗe ba a taɓa shi ba. Idan akwai hanya a tsakiyar kaya, ko wani kwali ya fita fes a cikin masu ƙura, an shiga an zaɓe. Kwalaye masu girma ɗaya, an liƙe su da salatif an rubuta abin da ke ciki, alamar mai kaya ya damu da kayansa ce, wataƙila ma kamfanin kwashe kaya ya biya ya shirya masa. Baƙaƙen ledojin shara da aka cusa tufafi, alamar an fita da gaggawa ce, kuma abin da ke ciki ba ya wuce tsumma. Kwalin talabijin ko na kwamfuta da aka ajiye a gaba yana kallon ƙofa, ka ɗauke shi fanko har sai an tabbatar. A duba gindin kwalaye: layin ruwa ko kumburi na nufin ruwa ya taɓa shiga, kuma a gari mai laima kamar Houston, ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska fumfuna ke cinye takalma, littattafai da kujerun yadi a cikinsa. Kashin ɓera a ƙasa na nufin wayoyin lantarki ma sun sha tauna. Katifa mai ɗigo-ɗigon baƙi a gefen ɗinki, kuɗin-cizo ne, kuma idan ya shiga kwantena zai bi duk wani yadi da katako da ke ciki har sitonka. Ɗakin da ya fi kyau ga ɗan kasuwar Legas, a ganinmu, shi ne na mai sana'a: kafinta, mai gyaran famfo, makanike, mai ƙaramin shago da ya rufe. Kayansa iri ɗaya ne, an san kasuwarsu, kuma ƙarfe ba ya ruɓewa.

Yanzu lissafi. A ɗauka an sallama ɗaki a dala 300. Shafin gwanjo na karɓar la'adarsa daga mai saye, daga kashi 10 zuwa kusan 20 cikin 100. A ce 15, dala 45 ke nan. Harajin sayayya a Houston kashi 8.25 ne, kusan dala 25, sai dai idan dillalin na da takardar shaidar cewa sari yake yi. An kai 370 ba a taɓa kwali ko ɗaya ba. Wurin ajiyar zai riƙe kuɗin jingina na shara, sau da yawa dala 100, wanda ba za a mayar ba sai an share ɗakin tas a cikin wa'adi, kuma wa'adin bai wuce kwana 1 zuwa 3 ba. Ba a yarda a zuba tarkacen a kwandon sharar wurin ba, sai an yi hayar mota an kai juji, jujin kuma biya ake yi, katifa ma wurare da yawa kuɗinta daban. Ga hayar motar U-Haul da mai, ga ladan masu ɗauka da ake biya da awa, ga hayar siton da kaya za su zauna har kwantena ta cika, ga kamashon dillali. Duk da dala. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kowace ƙaramar hidima a can ta zama babban kuɗi a nan. Dillalin da ya faɗa maka farashin gwanjo kaɗai ya yi shiru a kan sauran, ko dai bai taɓa yi ba, ko yana jira kuɗinka su shiga hannu ya fara turo lissafi ɗaya bayan ɗaya.

Sai fili. Ɗaki mai ƙafa 10 da 10, tsawonsa sama ƙafa 8, idan ya cika har rufi kimanin mita 22 ne na awon ciki. Kwantena mai ƙafa 20 na ɗaukar kimanin 33, mai ƙafa 40 kimanin 67, irinta da ta fi tsawo sama kuma kimanin 76. Ke nan ɗakuna 3 cikakku da ba a tantance ba sun cinye kwantena mai ƙafa 40. Jirgi fili yake sayar maka, bai damu da abin da ka zuba ba. Tsohuwar kujerar falo guda za ta ci wurin da zai ɗauki akwatunan kayan aiki masu yawa, alhali kafintocin Legas na ƙera sabuwa daidai da ɗakin mai saye. Gadon Amurka ma matsala ne: wanda suke kira Queen inci 60 ne da 80, katifunmu kuwa da ƙafa ake auna su, 4 da rabi da 6, ko 6 da 6, ba sa zama daidai a kansa. Hidima mai kyau ita ce a sayi ɗakuna da yawa a hankali, a zubar da na zubarwa, a sayar da manyan kayan ɗaki a can su rage kuɗin aiki, a tara masu daraja kaɗai har kwantena ta cika. Wannan na cin watanni, kuma duk wanda ya yi maka alkawarin mako biyu, ka san abin da zai loda.

Wutar lantarki ce ke karya mafi yawan sababbin shiga. Amurka na amfani da bolt 120 da zagaye 60 a daƙiƙa, mu kuma 230 da 50. Abin da ake sayarwa a bakin titi don soket ɗin Amurka mai baki biyu ya shiga namu mai baki uku, siffar baki kaɗai yake canzawa, ƙarfin wutar na nan yadda yake. Yaron shago ya jona injin markaɗe ko rediyo don ya nuna wa mai saye, a ji tas, hayaƙi ya tashi: fis ya tafi, kafasita ta fashe, wani lokaci har allon wutar gaba ɗaya. Kafin a jona komai a karanta tambarin bayansa. Idan an rubuta 100-240V, 50/60Hz, lafiya lau, kuma haka yawancin cajojin waya da na kwamfutar cinya suke, da na'urorin wasan yara na zamani da wasu talabijin. Idan 120V kaɗai aka rubuta, sai da taransifomar rage wuta. Tsofaffin kwamfutocin tebur na da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230. A tura shi 230 tun a can kafin lodi, don a nan ba wanda zai tuna.

Ita taransifomar ma ba ta raba gardama duka. Ana son ta fi ƙarfin na'urar da rabi ko ninki biyu, na'ura mai injin juyawa a ciki kuma fiye da haka saboda fizgar da take yi wajen tashi. Na'urar ɗumama abinci da aka rubuta wa wat 1,000 tana jan kusan 1,500 daga bango, sai an nemo mata taransifoma mai 3,000, mai nauyi, mai tsada, wadda sau da yawa ta fi na'urar kuɗi. Kuma taransifoma ba ta canza zagayen wuta: injin juyawa da aka ƙera wa 60 idan ya hau 50 yana rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, ya riƙa ɗaukar zafi. Injin wanki, fanka, injin busar da tufafi, janareton Amurka mai fitar da 120, duk kwantai ne a Legas, ƙarshensu hannun 'yan jari-bola a auna tagullar ciki da kilo. Talabijin kuma tsarin kama tasharsa daban ne da namu, eriya ba za ta yi masa aiki ba. Da dikodar DStv, GOtv ko StarTimes ta wayar HDMI yawanci yana yi, amma akwai waɗanda ba sa karɓar hoto mai zagaye 50, allo ya tsaya baƙi. Masu gyara a kasuwar kayan lantarki ta Alaba na iya sauya allon wuta, sai dai kuɗin gyaran daga ribarka zai fita.

Wayoyin hannu da ake tsinta a aljihun tebur su ne ke sa idon mutane ƙyalli, su ne kuma suka fi ba da kunya. iPhone da ke ɗaure da asusun iCloud na mai shi ba ta buɗuwa, a kasuwar wayoyi ta Computer Village kuɗin gilashi da gangar jiki kawai za a ba ka. Wata a kulle take da kamfanin layin Amurka, wata an toshe lambarta. Kwamfutar cinya ta fi dama-dama, in dai babu makulli a kanta, amma batirin da ya shekara a ɗaki mai zafi ka ɗauke shi matacce.

Abin da ke tafiya, kuma yake tafiya da sauri, shi ne wanda bai san wuta ba. Kayan aikin hannu: sifana, filaya, jak, akwatin ƙarfe mai aljihuna, tsani na alminiyam. A nan ma da sharaɗi, domin rabin sifanonin Amurka da inci ake auna su, makanikan kasuwar kayan motoci ta Ladipo kuwa Toyota da Honda suke kwancewa, 10, 12, 14, 17 da 19 na milimita suke nema; a ware su tun a can. Injin huda da na yanka masu batir, DeWalt, Makita, Milwaukee, suna da masu nema, amma cajarsu 120 ce kuma batir sabo na iya fin injin tsada, ga shi kamfanonin jiragen ruwa na ɗaukar batirin litiyam a kayan haɗari da dole a bayyana. Kekuna na manya da na yara, kayan wasan yara na roba mai kauri, keken tura jariri, tukwanen ƙarfe marasa tsatsa, keken guragu da sandunan dogarawa, ƙarafan motsa jiki, jita, kan keken ɗinki na ƙarfe da tela zai ɗora a teburin ƙafa: waɗannan ba sa kwana da yawa, ko a shago ko a Jiji, shafin saye da sayarwa na intanet. Duk abin da ke shan mai, kamar injin yankan ciyawa, sai an tsiyaye shi ƙaf kafin lodi. Tukunyar gas, fenti da sinadarai ba sa shiga kwantena sam.

Tsugune ba ta ƙare ba, saura tashar jirgi. Kalmar gwanjo a bakinmu ta fi nufin tufafin hannu, kuma su ne suka fi cika waɗannan ɗakuna, amma tufafin hannu na cikin jerin kayan da doka ta haramta shigowa da su Najeriya. Ganin diloli a kasuwar Katangua ta Abule Egba ko a Yaba bai sauya dokar ba. Tsohon firji, tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki, kwamfiresa da tayoyin hannu su ma haramtattu ne. Kayan lantarki na hannu kuwa hukumar kare muhalli ta NESREA ke kula da su: mai shigowa da su sai ya yi rajista, kuma wanda ba ya aiki shara ce a idon doka. Abin da ya fi waɗannan haɗari shi ne kwalin da ba a buɗe ba. Gidajen Amurka da yawa na da bindiga, kuma harsasai kan ɓuya a aljihun jaka ko ƙasan akwatin kayan aiki. Ko ƙaramar bindigar iska haramtacciya ce a nan. Ragowar magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi a kwalabe, aikin NDLEA ne. Harsashi guda ya isa a tsare kwantena, a nemi wanda sunansa ke kan takarda. Saboda haka duk dillalin da ke tallar kwalaye a rufe, wai kai za ka fara buɗewa ka ga rabonka, a guje shi ko nawa ya sauke farashi.

Kayan kasuwanci ana buɗe musu Fom M a banki kafin lodi, kwastam su fitar da PAAR, takardar ƙiyasin kaya kafin isowarsu, a biya kuɗin fito bisa jadawalin ECOWAS mai matakai 0, 5, 10, 20 da 35 cikin 100, kayan amfanin gida da aka gama ƙerawa galibi a 20 suke, sannan harajin VAT kashi 7.5. Dillalai da yawa na kauce wa wannan su rubuta cewa kayan gida ne na mai dawowa. Wannan sassauci na wanda ya zauna waje aƙalla wata 9 ne yana dawowa da kayansa, kuma jami'in da ya buɗe kwantena ya ga kekuna 40 ya san ba na mutum ɗaya ba ne. Kwantena mai kaya barkatai galibi sai an sauke ta an duba ɗaya bayan ɗaya, ko a Apapa ko a Tin Can. Kowace rana bayan kwanakin kyauta, kamfanin jirgi na lissafa demorej, wato tarar jinkirin kwantena, masu tasha na lissafa kuɗin ajiya, ga layin motoci na Eto, tsarin kiran manyan motoci zuwa tasha da hukumar tashoshin jiragen ruwa (NPA) ta kawo a 2021. Dokar kwastam ta 2023 ta ba da kwana 30 a fitar da kaya. Wanda ya wuce ya shiga sahun kayan da suka daɗe, idan aka ci gaba da jinkiri a kai ga ƙwacewa. Kayan da aka sayo don mai su ya kasa biyan haya a Texas, sai su sake komawa gwanjo a Legas don sabon mai su ya kasa biyan fito. Wanda ya sayi ɗan fili a kwantenar haɗaka kuma, laifin wani na iya tsare nasa kayan, ko da shi tukwane kawai ya loda.

Mota ko babur da aka samu a ɗaki, a bar shi sai in akwai takardar mallaka. Kwastam ɗin Amurka na neman a gabatar da ita awa 72 kafin fitar da abin hawa, kuma ba ta zuwa da rasit ɗin gwanjo.

Akwai tambayar da 'yan kasuwarmu kan yi, kuma ta dace: ya halatta? Sayar da kaya ga wanda ya fi tayi, jumhurun malamai sun halatta shi. Abin da aka hana shi ne najashi, wato mutum ya ƙara tayi ba don zai saya ba, sai don ya hau da farashi. Damuwar tana wajen garari, sayen abin da ba a san mene ne ba. Malikawa sun yarda da cinikin tsibi a kan sharuɗɗa, daga ciki har da a ga kayan a iya ƙiyasta su. Ɗakin da kayansa ke bayyane daban yake da wanda kwalaye rufaffu ne zalla, kuma wannan magana ce da ya kamata mutum ya kai wa malaminsa da hoton a hannu. Hotunan iyali, fasfo, takardun makaranta da na asibiti kuwa, ƙa'idar wuraren ajiyar ita ce a mayar da su ofis don mai su. Dillalin da ke zuba su a shara, ko ya turo kwamfuta da bayanan mutane a ciki ba a goge ba, ya nuna maka yadda zai riƙe taka amanar.

Gani ya kori ji, don haka kafin ka tura ko sisi ka nemi adireshin tallar ɗakin a shafin gwanjo ka buɗe da kanka, ka ga lambar ɗaki da lokacin rufewa. Bayan an ci, rasit mai ɗauke da wannan lamba. Ranar kwashewa, kiran bidiyo kai tsaye daga bakin ƙofa kafin a taɓa komai, domin tsohuwar dabara ce dillali ya tsame na kirki ya sayar a can, ya turo maka saura. Bidiyon da aka riga aka ɗauka ba hujja ba ne, intanet cike take da su. Sai jerin kaya kwali-kwali da lamba a jikin kowanne, da hoton tambarin wuta na kowace na'ura. Ranar lodi, lambar kwantena, haruffa 4 da lambobi 7, wadda za ka iya bibiya a shafin kamfanin jirgi, da lambar hatimin ƙofa. Sannan a duba sunan mai karɓa a takardar lodin jirgi: idan sunan dillali ne ko na ɗan'uwansa, a idon tasha kayan ba naka ba ne, komai yawan rasit ɗin banki da ke wayarka. Biya kashi-kashi ya fi, kowane kashi bayan an ga shaidar matakin da ya gabata. Tafiyar ruwa daga can zuwa Legas takan ci wata 1 zuwa 2, ka haɗa da watannin tarawa da makonnin fito, ka ga tsawon lokacin da jarinka zai kwanta. Kuɗin adashi ko na bashi mai wa'adi bai dace da wannan harka ba.

Mai ƙaramin jari, Alhaji, ya fi masa ya tsaya a gida. Irin waɗannan kaya na sauka kullum a Alaba International, Ladipo da Westminster ta Apapa, kuma ranar da ake buɗe kwantena mutum na iya tsayawa ya zaɓa, ya jona ya gwada, ya yi tayi a ce albarka ya ƙara. Ya fi tsada a kan kowane abu, amma wani ne ya ɗauki asarar sharar da wahalar fito. Akwai kuma gwanjon kwastam na intanet, wanda aka fara a watan Yulin 2017 zamanin Kanar Hameed Ali mai ritaya, aka sake buɗe shi a Janairun 2024 ƙarƙashin Bashir Adewale Adeniyi. Ana shiga da lambar haraji ta TIN, ana biyan kuɗin shiga tayi da ba a mayarwa, wanda ya ci kuma kwanaki ƙalilan gare shi ya biya ya kwashe, don haka mota da 'yan dako su zama a shirye kafin a yi tayi. A shafin hukumar kaɗai ake yinsa. Masu shafukan Facebook da hoton kaki suna tallar motar gwanjo a tura kuɗi asusun mutum, hukumar ta sha faɗa cewa ba nata ba ne.

Wanda ke da ɗan'uwa na jini a can, mai sito da motar ɗaukar kaya da haƙurin buɗe kowane kwali, shi ne hidimar ta yi wa rana, musamman idan ya taƙaita a layi ɗaya da ya san masu sayensa, kamar kayan makanikai ko kekuna. Shi ma ya tanadi sito a wajen gari inda haya ta fi sauƙi, Ikorodu ko Sango, ya shanya kayan yadi da katako a rana kwana biyu kafin su haɗu da sauran haja, ya ajiye taransifoma guda mai wat 3,000 a teburin gwaji, ya kuma shafa jan fenti a kan filogin duk na'urar da ke 120 tun ranar sauke kaya, kafin yaran shago su fara jonawa.